Ciyawar nan mai jan kara da ke fitowa a tsagin intalok, me ya sa ba ta mutuwa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya taimaka ya tsare mana ku a bakin aiki. Na karanta tambayarka har sau biyu. Kace kana gadi a wani gida a Ajah da ke Legas, akwai wata 'yar ciyawa da ke fitowa a tsagin intalok ɗin tsakar gidan, wato bulon nan da ake jerawa a ƙasa, karanta ja-ja ne mai sulɓi, ganyen ƙanana masu kauri da ruwa-ruwa, a kwance take bata miƙewa, da hantsi kaga ɗan fure rawaya kafin azahar ya ɓace. Maigidan yace ka riƙa tugewa, kana tugewa ka tara a gindin katanga, bayan kwana goma ka tarar bata bushe ba, wata ma ta sake kama ƙasa. Kana son sanin mece ce, ko tana da guba tunda akwai yara a gidan, kuma yaya za'a rabu da ita.

Toh indai yadda ka kwatanta ne, wannan harshen saniya ce. Haka muke ce mata a wajenmu, wasu suce halshen saniya, kuma kasan sunan ciyawa a Hausa kusan kowane gari da nasa, kada ka yi mamaki in mutanenku sun kira ta da wani sunan. Yarbawan nan papasan suke ce mata. A littattafan ilimin tsirrai kuma Portulaca oleracea, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ne ya rubuta mata sunan a 1753. Ni ilimin tsirrai na karanta, kuma na daɗe ina aiki da 'yan'uwanmu masu lambu a gefen Ojo da Iyana Iba, wannan ciyawar kullum muna tare da ita, kuma wallahi cikin duk ciyayin da ke damun manomi babu wacce nake ganin girmanta kamar ita.

Amma kafin komai kayi abu ɗaya. Ka karya karan ka duba abinda zai fito. In farin ruwa ne kamar madara yana ɗiga, ba ita bace, dangin nonon kurciya ce, akwai wata ƙarama a cikinsu da ita ma take shimfiɗewa a tsagin siminti da jan kara siriri, wannan ba'a ci, kuma in ka taɓa ruwan kada ka kai hannu ido. Harshen saniya in ka karya ruwa ne garau mai ɗan yauƙi, karan kuma cike yake taf kamar an ɗura masa ruwa, ba gashi a jikinsa. Wannan gwajin shine mafi muhimmanci a duk abinda zan faɗa maka saboda yaran gidan.

Akwai kuma ƙanwarta, Portulaca quadrifida, ita ce ainihin 'yar mitsitsiyar. Ganyenta bai cika kai santimita 1 ba, biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna, karan siriri kamar zare, kuma kowace gaɓa in ta taɓa ƙasa sai ta saki saiwa, shi ya sa take yin shimfiɗa kamar tabarma. In ka kusanto da ita ido zaka ga farin gashi ya zagaye gaɓoɓin, furen kuma kunnuwa 4 gare shi, ita babbar yawanci 5. Ka ƙirga da safe zaka san wacce ke gidanku, wani lokacin duk biyun zaka samu a tsagi ɗaya. Sai gadon maciji da mutane ke yawan rikita su da ita, shi ganyensa ya fi faɗi da zagaye, ɗaya babba ɗaya ƙarami suna kallon juna, furensa fari ne mai ɗan ja-ja, ba rawaya ba.

Yanzu ga maganar rashin mutuwar, wacce ita ce ta fi ɗaure maka kai. Mutum zai ce ai Legas ruwa ne ko'ina, daga Afrilu zuwa Yuli sama bata hutawa, a ɗan sarara a Agusta a dawo Satumba da Oktoba, me tsiro mai ajiye ruwa yake nema a nan? Toh ka tsuguna ka kalli tsagin intalok ɗin da kyau. Yashi ne zalla a ciki, faɗinsa bai kai ɗan yatsa ba, ana gama ruwa ya tsiyaye, da rana ta take bulon ya ɗau zafin da baka iya taka shi ba takalmi. Wannan tsagin hamada ce ƙarama a tsakiyar Legas. Yawancin ciyayi in sun tsiro a ciki kwana kaɗan suke yi su ƙone, ita kuwa nan ne gidanta, babu mai yi mata inuwa babu mai ƙwace mata wuri.

Ganyen nan da kaji da kauri, mafi yawansa rumbun ruwa ne. In aka yanka shi siriri aka saka a madubin ƙara girma zaka ga manyan ƙwayoyi farare cike da ruwa, koren kuma ya taru ya zagaye jijiyoyin ganyen kamar zobe. Yauƙin da kaji a yatsa shi ke riƙe ruwan kada ya gudu da sauri, fatar ganyen kuma da ɗan maiƙo kamar an shafa kakin zuma. Karan ma haka, tanki ne. Shi ya sa in ka tuge ta baka kashe ta ba, ka dai raba ta da ƙasa ne, guzurinta na jikinta. Zata fara zubar da tsofaffin ganye, karan ya ƙara ja ya ɗan yamutse, ta zauna tana jira. Raɓa ta sauka ko a yi ɗan yayyafi, ko mai wankin mota ya watso ruwa wajen, sai sabbin saiwoyi farare su fito daga inda karan ya karye.

Amma abinda ya sa masana ke rububinta ba wannan bane, yadda take numfashi ne, kuma ina so ka bi ni a hankali a nan. Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido baya gani, ta nan iskar kabon ke shiga, tsiro ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi sukarin da yake rayuwa da shi. Matsalar ita ce duk lokacin da ƙofar ke buɗe iska na shiga ruwa kuma na fita, kamar ɗakin da ka buɗe taga don ka sha iska sauro ma ya samu hanya. A wuri mai zafi wannan asara ce babba. Tsirrai sun samu dabaru biyu na rage ta. Ta farko ita ce ta masara da dawa da gero da rake, masana na ce mata C4, wato tsiron na da wani irin famfo a cikin ganye da ke tattara iskar kabon ya cusa ta cikin wannan zoben da na faɗa maka, don haka ko ƙofar a ɗan tsuke take abincin na dafuwa, kuma da zafin rana ya fi sauri. Shi ya sa gero ke girma kamar ana jansa a tsakiyar damina. Dabara ta biyu ita ce ta abarba da alobera da ganyen nan da Yarbawa ke kira abamoda, ana ce mata CAM. Su da rana rufe ƙofofin suke yi ruf, sai dare ya yi sanyi ya sauka su buɗe, su kwashi iskar su mayar da ita wani sinadari mai tsami, malik asid, su adana, gari na wayewa su rufe ƙofa su riƙa warware tsamin suna girki da shi a ciki. Ruwa kaɗan suke asara amma girman a hankali yake.

Yawancin tsirrai ɗaya suke da ita ko kuma babu ko ɗaya. Harshen saniya duk biyun gare ta. In akwai danshi tana aiki irin na masara, tana girma da gudu, in ƙasa ta bushe sai ta juya ta fara kwasar iska da dare irin na abarba, ruwa ya dawo ta koma yadda take. An daɗe ana ɗauka waɗannan hanyoyin biyu basa haɗuwa a ganye ɗaya. A 2022 masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka suka nuna cewa a cikin ganyenta hanyoyin biyu a haɗe suke aiki, abinda aka tara da dare ana miƙa shi cikin injin rana. Dalilin da ya sa ake bibiyar abin shine fatan wata rana a gane yadda za'a samu hatsi mai jure fari irin haka, kuma duk wanda ya taɓa ganin masara ta naɗe ganye a gona saboda ruwa ya ɗauke sati uku a Arewa yasan darajar wannan fatan.

Kuma zaka iya ɗanɗana abin da harshenka. Cikin rani, kamar Janairu lokacin da hazo ya sauko Legas, ka samu wadda ta tsiro a wuri mai tsabta da ba'a yi feshi ba, ka tsinki ganye bayan sallar asuba ka wanke ka tauna, zaka ji tsami-tsami. Ka dawo gindin nan dai bayan la'asar ka sake taunawa, tsamin ya ragu, sai lami da ɗan gishiri-gishiri. Tsamin asuba shine iskar da ta tara cikin dare. Na sha sa masu lambu su gwada, wani dattijo da muke aiki tare sai da ya maimaita kwana uku a jere kafin ya yarda, daga nan duk baƙon da ya zo lambun sai ya kai shi ya nuna masa. Tunda aikinka na dare ne ka haska ta da tocila wajen ƙarfe goma, zaka ga ganyen sun ɗaga sun haɗe jikin kara kamar mai jin sanyi, da safe su sake bajewa.

Furen da kace yana ɓacewa ba faɗuwa yake yi ba, rufewa yake. Faɗinsa kamar milimita 6 ne, bashi da sanda, zaune yake a tsakiyar ganyen ƙarshen reshe, yana buɗewa da hantsi na 'yan awanni in akwai rana, ranar da hadari ya rufe gari ma bazai buɗe ba. Kuma bai damu da sai ƙudan zuma ya zo ba, da kansa yake yi wa kansa barbara, ko a rufe yake iri zai ƙullu. Bayan kamar sati biyu sai ka ga ɗan ƙoƙo kore mai tsini a inda furen yake. A nan nake so ka samu farar takarda ka shimfiɗa a ƙasa, ka sa farce ka ɗan taɓa saman ƙoƙon, zaka ga ya ɓalle a tsakiya ya fita kamar hular kwano ko murfin tukunya, ƙasan ya rage kamar ɗan akushi cike da iri baƙaƙe masu ƙyalli, kowanne bai kai milimita 1 ba, sun fi garin barkono kaɗan. Wannan murfin ne asalin sunan Portulaca, daga kalmar Latin mai nufin 'yar ƙofa. Oleracea kuma ma'anarsa ganyen miya, kaga tun a sunan an shaida ana cinta.

Gindi ɗaya babba da ya samu wuri mai taki, masana sun ƙirga yana iya zubar da iri sama da 200,000. Na tsagin intalok bazai kai haka ba tunda a takure yake, amma ko kaɗan daga ciki ya ishe ka aiki. Daga tsirowa zuwa fure kuma wata ɗaya ne zuwa sati shida, a shekara ɗaya a yanayin Legas sai ta haihu jikokinta ma su haihu. Irin kuma baya gaggawa. A 1879 wani malamin jami'a a jihar Mishigan ta Amurka, William Beal, ya zuba irin ciyayi daban-daban da yashi a kwalabe 20 ya binne, ana tono ɗaya lokaci-lokaci a shuka a ga wanne zai fito. Irin harshen saniya ya tsiro bayan shekara 40 a cikin ƙasa. Gwajin har yanzu ba'a gama shi ba, a 2021 ma an tono kwalba ɗaya. Don haka in maigida ya ga ta dawo bayan ka share, ba sakacinka bane, wataƙila irin ya zo ne tun cikin yashin da aka shimfiɗa kafin a jera bulon, ka yi masa bayani cikin ladabi zai gane.

Kuskuren da kake yi shine tarawa a gindin katanga, kuma nima na taɓa yinsa farkon zuwana lambu. Mun nome fangali huɗu na alayyahu muka tara ta a bakin hanya, muka ce rana zata gama da ita, kwana biyu aka yi ruwa, da muka dawo tarin ya zama kore shar ya kama ƙasa, wanda bai kama ba kuma ya ƙarasa nunar da irinsa da ruwan jikinsa ya zubar. Shekarar da ta biyo wajen nan ya fi ko'ina cika da ita. Tun daga ranar a buhu muke zubawa.

Toh ga yadda zaka yi. Ka tuge ta tun tana ƙarama kafin ka ga rawaya, lokacin ganye huɗu ko shida ne, da safe bayan an yi ruwa ta fi fitowa da saiwarta gaba ɗaya, tsohuwar wuƙa ko ƙusa babba ta isa. Kada ka sassare ta da fartanya ko adda ka bar gutsattsarin, kowane guntu mai gaɓa zai iya zama sabon gindi. Duk abinda ka cire ka zuba a buhu ko leda ka ɗaure a tafi da shi da shara. Wadda ta riga ta yi ƙoƙo ka ɗaga ta a hankali kada ka kakkaɓe, in ba haka ba shuka kake yi. Tafasasshen ruwa in ka tsiyaya a tsagin yana dafa ƙananan, kuma ya fi maganin feshi aminci a gidan da yara ke wasa a ƙasa, dama feshin na saman kawai yake kashewa, irin da ke kwance baya jinsa. Irin nata sai ya ga haske ya ji zafi yake tsirowa, kuma daga sama-sama, wanda ya nutse a ƙasa barci yake, shi ya sa a lambu muke rufe fangali da busasshiyar ciyawa ko dusar katako, a tsakar gida kuma in maigida zai sa a cike tsagin da siminti magana ta ƙare. In ba'a cike ba sai dai zagaye duk sati, minti goma ya isa in baka bari ta yi fure ba, kuma zaka ga tana raguwa daga damina zuwa damina.

Maganar guba kuma, hankalinka ya kwanta, in yaro ya tsinka ya sa a baki ita kanta bata da illa, abin tsoron shine abinda ke jikinta. Abinci ce a ƙasashe da yawa. A Masar da Sudan rijla suke ce mata suna miya da ita, Turkawa na cinta da kindirmo, a Meksiko ana dafa ta da nama. Larabawan da suna kiranta baƙlatul hamƙa'u, wato ganye mai wauta, wai don tana tsirowa a hanyar ruwa ambaliya ta tafi da ita, ni kuwa ina ganin sunan bai yi mata adalci ba, ruwan da ya kwashe ta shi ke kai irinta da guntayenta sabon wuri. Tana da man omega-3 fiye da yawancin ganyayen miya, da bitamin da ma'adanai. Kuma dangi ce ta kusa da gbure, ganyen miyan nan da ake sayarwa a kasuwar Mile 12 da kowace kasuwa a garin nan, da can gida ɗaya masana suka sa su kafin a raba, in ka kalli kaurin karan gbure da yauƙinsa zaka ga kamar.

Sai dai akwai abu biyu da bana so a yi wasa da su. Tana da sinadarin oksalet da yawa, wanda ke taimakawa wajen haɗuwar tsakuwar ƙoda, duk mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwa ya bar ta, mai lafiya ma ya ci daidai, a tafasa a zubar da ruwan farko yana ragewa. Dabba ma haka, kaji na tsattsaga ba komai, amma kada a tara wa rago ko akuya mai yunwa ita zalla ya cika ciki, tana iya kayar da shi, masu kiwo su kiyaye wannan. Na biyu kuma inda ta tsiro. Ta bakin kwata, ta gefen titi, ta wajen da ake ajiye janareta ko wankin mota, ta inda aka taɓa feshi, duk kada a ci, tsiro ne mai zuƙar abinda ke ƙasa har da ƙarafa masu cutarwa. Ta tsakar gidanku da motoci ke fakin a kai tana cikin waɗannan. Kuma abin yana damuna yadda ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp cewa tana warkar da suga da hawan jini har mutum ya ajiye maganin asibiti, dan Allah kada kowa ya yi haka, ganyen miya ce mai amfani, a tsaya a nan.

In ka ga masu sayar da fulawa a bakin titin Lekki da wata mai ganye sirara kamar allura da manyan fure ja da ruwan hoda da rawaya, 'yar'uwarta ce Portulaca grandiflora, daga Kudancin Amurka aka kawo ta, ita ma sai hantsi take buɗewa, ta ado ce ba ta miya ba.

In kuma kana sha'awar ta ci, ka samu tsohon bokiti ka huda ƙasansa, ka zuba ƙasa mai tsabta rabi yashi rabi taki, ka karɓi ɗan irin a takarda yadda na kwatanta maka ka barbaɗa a sama kada ka binne, ka ajiye inda rana ke duka sosai nesa da intalok ɗin maigida. Ruwa kaɗan, sai ƙasar ta bushe ka ƙara, yawan ruwa ruɓar da ita yake. Cikin sati huɗu zuwa biyar zaka fara yankan kan rassan, ka bar kamar tsawon ɗan yatsa a ƙasa zata sake tohowa, kuma ka riƙa yanka kafin ta yi fure don kada bokitin ya zama shi ke ba tsakar gidan iri. Allah ya bada sa'a, a gaida mutanen Ajah.